Layin da Babu a Fom

An yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmi,
sai banki ya ce bai san Arzika ya rasu ba.
Mu da muka wanke shi, muka sa shi a rami,
ba mu isa shaida ba sai da hatimi.

Na bar Yawuri da asuba a motar Birnin Kebbi,
takardar asibiti a aljihun gaba,
hoto huɗu, wasiƙar mai unguwa,
da sunayenmu mu bakwai, Inna Tumba ta takwas.

Magatakarda ya gyara tabarau bai ɗaga kai ba.
"Kai ne wakili? Ina masu tsaya maka?
Rubuta abin da ya bari, kada ka rage ko allura,
a kan jimlar ake yanka rabon hukuma."
Na ce, ashe Baba yana da ɗan da ba mu sani ba,
wanda bai zo jinya ba, bai zo makabarta ba,
shi ne kuma zai fara ɗiba.
Ya ce, "Rasit za a ba ka. Na gaba."

Na rubuta gida mai ɗaki biyar a Yelwa,
fadamar shinkafa da ruwa ke ci duk shekara uku,
injin ban-ruwa, keke, garatutin da ya maƙale.
Biro ya tsaya.
Ina layin tarinsa na kiran assalatu?
Ina na yadda yake ɓare gyaɗa ya miƙa, shi bai ci ba?

Sau biyar ina zuwa.
Ran nan fayil ya tafi sama, ran nan mai sa hannu na ta'aziyya.
Kuɗin mota ya cinye tunkiyar Dije.
Ige ta daina gaishe ni, wai na ji daɗin hanya.

Daren da na dawo da takardar, mai jan tambari,
Inna ta ciro wani littafi daga ƙasan adaka.
"Kafin tumunina, kafin naku, duba nan."
Rubutunsa ne, ajami, tawada ta koɗe.
Duk an soke layuka, saura guda:
Kakale mai jirgi, fito, naira ɗari uku,
shekarar da ruwa ya ci kasuwa.

Bashi kan riga gado shiga ɗaki.

Na gangara bakin Kwara da hantsi,
ina tambayar Kakale a cikin masu saƙar taru.
Wani ya nuna mini saurayi yana toshe jirgi da kwalta.
"Baba? Ai bara ya rasu.
Mun gama rabo, alƙali ya rufe littafi."
Na miƙa masa. Ya ƙi karɓa da hannu ɗaya,
ya goge duka biyun a riga.
"Mu tara ne," ya ce, "mata huɗu.
Wa zai buga mana lissafin wannan?"

Muka zauna a gindin jirgin muna bugawa a yashi,
namiji biyu, mace ɗaya,
har ya kai ga kwabon da ba a buga shi yanzu.
Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa.
Ya aika yaro ya kira sauran, har da ta goye,
kowa ya ce ya yarda a sayi ƙosai.

Nan muka ci, mu da almuru,
aka shafa wa tsofaffin biyu fatiha.
Babu rasit.
Na ciro littafin, na ari biron mai shayi,
na soke layin a hankali,
kada takardar ta yage.